Ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki da sanƙarau: abubuwan da ya kamata ka sani

A ƙasar Daura dattijo ba ya buƙatar likita ya faɗa masa lokacin sanƙarau. Daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'adua, an san idan hunturu ya miƙa wa bazara ƙurarsa, hanci ya bushe, leɓe ya tsage, dare ya ƙi yin sanyi, to cutar ta kusa. An kuma san da zarar ruwan farko ya sauka sai ta janye. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne me ke faruwa a cikin ƙoƙon kai daga hantsi, lokacin da yaro ke wasa a ƙofar gida, zuwa bayan isha'i, lokacin da za a kira sunansa ya kasa amsawa.

Amsar tana inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da garkuwar jiki. A wannan fanni kuwa littattafan likitanci sun sauya magana kwanan nan, har wanda ya gama karatu kafin 2015 sai ya koma ya gyara wani abu daga cikin abin da aka koya masa.

## Abin da ke kewaye da ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Taushinta ba zai jure gogayya da ƙashi ba, shi ya sa aka naɗe ta da tantani hawa uku. Na waje mai kauri ne, yana manne da ƙoƙon kai. Na tsakiya siriri ne. Na ciki ya lafe a jikin ƙwaƙwalwar yana bin kowane lungu nata. Dukansu sun gangara ta wuya sun lulluɓe lakar da ke cikin ƙashin baya.

Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai ruwa garau marar launi, a cikinsa ƙwaƙwalwa da laka suke zaune. Yawansa a jikin baligi wajen mililita 150 ne, amma jiki yana yin kusan rabin lita sabo kullum. Ke nan ana sauya shi sau uku zuwa huɗu a yini da kwana. Riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Sanƙarau kumburin wannan tantani ne. Da yake ya bi ta wuya, sunkuyar da kai yana ja wa tantanin da ya riga ya yi tsami, sai naman ƙeya ya ƙage don ya hana motsin.

## Ganuwa tsakanin jini da ƙwaƙwalwa

A 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya ɗura wa dabbobi rini ta jijiyar jini. Da ya feɗe su sai ya tarar hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk sun rine, ƙwaƙwalwa kuwa fara tas. A 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin a cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Wannan karon ita ce ta rine, sauran jiki bai ɗauki launi ba. Daga nan aka gane akwai shamaki a tsakani.

Wanda ya san tsohon birni irin Daura ko Katsina ko Kano zai fahimci shamakin nan da sauri. Amfanin ganuwa shi ne ta tilasta wa mai shigowa ya bi ta ƙofa, inda sarkin ƙofa zai ga fuskarsa da kayansa. A sauran sassan jiki, bangon ƙananan jijiyoyin jini yana da 'yan kafofi da ruwa ke zurara ta ciki. A ƙwaƙwalwa an ɗinke ƙwayoyin bangon tsaf. Sukari yana da ƙofarsa, kayan gina jiki suna da tasu. Abubuwan da ke narkewa a mai ne ke ratsa bangon ba tare da izini ba, irin su barasa da nikotin na taba da sinadarin da ke cikin goro mai hana barci. Yawancin magunguna kuwa a waje ake tsayar da su. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kafson da aka saya a kemis, ko da ya yi maganin maruru, ba ya isa ruwan ƙwaƙwalwa da ƙarfin da zai kashe sanƙarau.

A 1948 Peter Medawar, wanda daga baya ya sami lambar Nobel, ya dasa fatar wani zomo a cikin ƙwaƙwalwar wani zomon. A ko'ina cikin jiki da garkuwa ta far wa baƙuwar fatar ta kashe ta, amma a ƙwaƙwalwa sai ta zauna lafiya. Shekaru da dama aka yi ana karantar da cewa garkuwar jiki ba ruwanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi sakaci da rabin sakamakon Medawar: idan an fara dasa wa zomon irin wannan fata a wani wurin jikinsa, garkuwarsa ta san ta, to har cikin ƙwaƙwalwa take bin ta ta kashe. Ashe sojojin jiki suna iya shiga. Abin da ke jinkiri shi ne labari ya kai musu.

A cikin birnin ma akwai dogarai na gida. Pío del Río Hortega, ɗan Sifaniya, ya bayyana su a 1919, ana kiransu maikurogiliya. Suna shiga ƙwaƙwalwa tun ɗan tayi bai gama kama siffa ba, a nan kuma suke zama har mutuwa, suna kwashe matattun ƙwayoyi, suna datse mahaɗan da ba a amfani da su, su ne kuma ke fara yin kururuwa idan baƙo ya shigo.

## Ina ruwan kaluluwa da ƙwaƙwalwa?

Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe ƙafarsa ta yi ƙwari ya san kaluluwa a matsematsi. Abin da ya kumbura ɗin nan wani ɗan ƙullutu ne daga cikin ɗaruruwa da ke wuya da hammata da ƙirji da ciki da matsematsi. Wasu sirarran magudanai ne suka haɗa su, daban da jijiyoyin jini. Aikinsu kwashe ruwan da ya zurara daga jini ya taru a tsakanin nama, tare da duk dattin da ke cikinsa, su bi da shi ta kaluluwa kafin su mayar da shi jini a gindin wuya. A cikin kaluluwa fararen ƙwayoyin jini ke zaune suna binciken abin da ruwan ya ɗauko. Idan suka ga maƙiyi sai su hayayyafa, kumburin da kake ji da yatsa ke nan. Idan kana son ganin abin da ke faruwa in magudanan suka toshe, dubi ƙafar mai tundurmi.

To ƙwaƙwalwa, wadda take cikin gaɓoɓin da suka fi cin abinci, dole ta fitar da shara mai yawa. Amma masana sun yi ta yanka ta suna dubawa ba su ga magudanai a cikin namanta ba. Ina sharar take zuwa? Ina kuma rabin litar ruwan nan ke malala kullum?

Amsa ta farko ta fito a 2012 daga ɗakin binciken Maiken Nedergaard a Jami'ar Rochester ta Amurka. Sun nuna a jikin ɓeraye cewa ruwan ƙwaƙwalwa yana kutsawa cikin namanta ta gefen jijiyoyin da ke kawo jini, bugun jijiyar yana tura shi, ya wanke tsakanin ƙwayoyi, ya fita ta gefen jijiyoyin da ke mayar da jini.

Amsa ta biyu ta zo a 2015. Antoine Louveau, a ɗakin binciken Jonathan Kipnis na Jami'ar Virginia, ya ɓare tantanin ɓera ɗungurungum ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin madubin likita, maimakon ya yayyanka shi kamar yadda aka saba. Sai ya ga fararen ƙwayoyin jini sun jeru a layi. Da aka bi layin, magudanar kaluluwa ce, kwance a cikin tantani mai kauri, gefen manyan jijiyoyin jini. A wannan shekarar Aleksanteri Aspelund da Kari Alitalo a Helsinki suka ga abu ɗaya. Magudanan suna gangarawa ne zuwa kaluluwar da ke can cikin wuya. A 2017 aka ɗauki hotonsu a kan mutane masu rai da na'urar MRI. Abin dariya, wani masani ɗan Italiya, Paolo Mascagni, ya zana su tun 1787, waɗanda suka biyo bayansa suka ce kuskure ya yi.

A 2018 kuma aka gano wasu 'yan hanyoyi da suka huda ƙashin kai daga ɓargonsa zuwa tantani. Ma'ana, idan rikici ya tashi, wasu fararen ƙwayoyin ba daga nesa suke tahowa ba, daga ƙoƙon kan ne kai tsaye.

Hoton da muke da shi yanzu ke nan: garkuwar jiki ba ta yawo a cikin naman ƙwaƙwalwa, amma ta yi sansani a tantanin da ke kewaye da ita, kuma kaluluwar wuya kullum tana karɓar ruwan da ya fito daga can tana dubawa.

Kada wannan ya tsorata iyaye. Kaluluwar da ke fitowa a wuyan yaro mafi yawa daga maƙogwaro ce ko kunne ko haƙori ko ƙurajen kai. Wadda ta yi makonni ba ta sace ba, tarin fuka ake fara zargi, a kai shi a duba.

## Batun barci

A 2013 ɗakin binciken Nedergaard ya ba da rahoton cewa idan ɓera ya yi barci, sararin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa yana buɗewa da wajen kashi 60 cikin 100, kuma sharar da ake dangantawa da cutar mantuwa ta tsufa tana fita da saurin da ya ninka na farke. Labarin ya zaga duniya. A 2024 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka auna ta wata hanya suka ce su raguwa suka gani, musun kuma bai ƙare ba. Barci yana da amfani ga garkuwa da tunani, wannan an daɗe da tabbatarwa. Amma wanda ya zo maka da garin magani ko wata tausa ta wuya ya ce tana wanke ƙwaƙwalwa, ya riga malaman da suka gano magudanan isa inda ba su kai ba.

## Yadda sanƙarau ke tsallake ganuwa

Ƙwayar bakteriyar da ke kawo annobar sanƙarau ba daga daji take zuwa ba. Tana zaune a bayan hanci da maƙogwaron kusan mutum ɗaya cikin goma, lafiyarsu ƙalau, suna yaɗa ta da tari da atishawa da kwana a ɗaki ɗaya. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya shata yankin da take yin annoba, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa daga Senegal zuwa Habasha. Ƙasar Daura na tsakiyarsa.

Me ya sa sai da rani? Brian Greenwood da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun bi wannan tambaya a shekarun 1970, har da bincike a yankin Malumfashi. Suka ga yawan masu ɗauke da ƙwayar bai cika sauyawa tsakanin rani da damina ba. Abin da ke sauyawa shi ne yawan waɗanda take kayarwa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne busasshiyar iska da ƙura da zafi suna raunata fatar cikin hanci, sai ƙwayar da ke zaune a sama ta sami hanyar faɗawa jini.

A cikin jini tana sanye da wata riga ta sukari mai santsi da ke hana fararen ƙwayoyi kama ta. Idan jinin mutum yana da makaman da suka san wannan riga, a nan zance ya ƙare, ba ma zai san an yi ba. Idan babu, sai ta hayayyafa, ta manne a bangon jijiyoyin tantani, ta sassauta ɗinkin, ta faɗa ruwan ƙwaƙwalwa. A nan tsaron ganuwa ya zama matsala, domin ruwan nan kusan babu makaman garkuwa a cikinsa, ga sukari, ga ɗumi. Ƙwayar tana iya ninka kanta a ƙasa da awa ɗaya ba mai ce mata kanzil.

## Ɓarnar da yaƙin kansa ke yi

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Kaso babba na illar sanƙarau daga martanin jiki yake fitowa.

Kafin dogaran gida su ankara su yi kururuwa, maƙiyi ya riga ya yi yawa. Sai a buɗe ƙofofi gaba ɗaya, fararen ƙwayoyin jini su kwararo dubbai a kowane ɗigo, ruwan da yake garau ya koma gurɓatacce da mugunya. Gubar da suke fesa wa bakteriya ba ta bambance ta da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Bangon jijiyoyi ya saki, ruwa ya cika nama, mugunya ta toshe mafitar ruwan. Idan ƙafa ta kumbura tana da inda za ta buɗa. Ƙwaƙwalwa a cikin ƙashi take, ba ta da wurin zuwa. Matsi ya hau, ya danne jijiyoyin da ke kawo jini, ƙwayoyi su fara mutuwa don rashin iska. Ciwon kai mai tsanani da amai da ƙin haske da ruɗewa da jijjiga da suma duk daga nan suke. A jariri, wanda ƙashin kansa bai haɗe ba, wuya ba lallai ya sanƙare ba. Maɗiga ce ke tasowa, ya ƙi nono, ya yi kuka mai kaifi ko jikinsa ya saki. Wani lokaci kuma ƙwayar a jini take ɓarnarta, sai a ga ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata waɗanda ba sa ɓacewa in an danna. A baƙar fata, a duba tafin hannu da na ƙafa da cikin ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama, ɗaya yana mutuwa, kuma ɗaya cikin biyar yana tashi da babbar illa. Cutar tana iya kisa cikin awa 24. Illar da ta fi yawa kurumta ce, domin akwai wata 'yar hanya daga ruwan ƙwaƙwalwa zuwa can cikin kunne, kumburin yana bin ta. Duk yaron da aka sallamo bayan sanƙarau ya kamata a gwada jinsa, kada a jira sai malamin makaranta ya ce ba ya gane karatu.

Da likitoci suka fahimci haka, sai suka yi tunanin haɗa maganin kashe bakteriya da maganin kwantar da garkuwa, wato dekzametason. Wani babban gwaji a Turai a 2002 ya nuna ya rage mutuwa a manya. Amma gwaje-gwajen da aka yi a Malawi, na yara a 2002 da na manya a 2007, ba su ga amfaninsa ba. Cikin dalilan da ake zato har da isowa asibiti a makare, bayan kumburi ya gama aikinsa. Wannan magani hukuncin likita ne a gadon asibiti, tare da allurar seftiriyazon mai kashe bakteriya. Masu shansa barkatai don su yi ƙiba kuwa, garkuwarsu suke kwantarwa da hannunsu.

Ƙaho a ƙeya da tsaga da turare ba sa kaiwa inda mugunyar take, akwai fata da nama da ƙashi a tsakani. Babban abin da suke ci wa mara lafiya shi ne awoyi.

## Ɗibar ruwan baya tana gurgunta mutum?

Wannan tsoro ya yi ƙarfi a asibitocinmu, har uba yakan ɗauke ɗansa ya fita da zarar an ambaci allurar baya. Ga yadda abin yake. Laka tana ƙarewa a saman ƙugu, allurar kuwa a ƙasa da nan ake soka ta, inda ruwa ya taru. 'Yan mililita kaɗan ake ɗiba, jikin baligi kuma yana yin wajen mililita 20 a kowace awa. Dalilin da ya sa ake ɗora wa allurar laifi a fili yake: waɗanda cutar ta fi jigata su ake yi wa, idan suka rasu ko suka tashi da nakasa, allurar ce abin da dangi suka gani da idonsu. Akwai yanayin da likita da kansa zai ƙi yin ta, kamar idan alamu sun nuna matsin cikin kai ya yi yawa, kuma ba a jinkirta magani don jiran ta.

Amfaninta ya wuce na mara lafiya ɗaya. Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, ana ba su haruffa: A da B da C da W da X da Y. Sai an tabbatar da irin da ke yawo kafin a saki allurar rigakafi daga rumbun ajiya na duniya. Ruwan da aka ɗiba daga 'yan yara kaɗan shi ke buɗe hanyar rigakafin ƙaramar hukuma guda.

## Na damina: zazzaɓin cizon sauro da ke taɓa ƙwaƙwalwa

Idan sanƙarau ya tafi da zuwan ruwa, wani ke karɓarsa. Salonsa daban ne, domin ƙwayar maleriya ba ta tsallake ganuwa. Tana cikin jajayen ƙwayoyin jini, tana sa su yi danƙo su manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Hanya ta cushe, garkuwa ta far wa wurin, bango ya fara yoyo. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda aka yi wa yara 168 hoton MRI a Blantyre ta Malawi, ya ga mummunan kumburin ƙwaƙwalwa a kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka rasu, da kashi 27 na waɗanda suka rayu. Kumburin yana danne cibiyar numfashi ne, yaro ya daina shaƙar iska.

Gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna a 2010 cewa allurar atesunet ta rage mutuwar yara masu maleriya mai tsanani da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Jihar Katsina kuma tana cikin wuraren farko a ƙasar nan da aka fara rabon maganin kariya na wata-wata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a lokacin damina, tun 2013. Yaron da ke jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu, a nufi asibiti.

## Ita ma ƙwaƙwalwa tana ba da umarni

Zazzaɓi ba ƙwayar cuta ke yin sa ba. Fararen ƙwayoyin jini ne ke sakin sinadaran saƙo, saƙon ya isa wani ɗan yanki a gindin ƙwaƙwalwa mai kula da zafin jiki, shi kuma ya ɗaga ma'auni. Rawar ɗari da neman bargo da kasala da ƙin abinci da son kaɗaici duk umarninta ne. Farasitamol yana katse wannan saƙo ne kawai. Jiki zai yi sanyi, yaro ma ya ɗan tashi zaune, bakteriya kuwa tana ci gaba da ninkuwa.

Tana kuma da linzami. Idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa tana sa a saki sinadarin kotizol, wanda ke rage kaifin garkuwa, shi ya sa doguwar damuwa ke buɗe ƙofar rashin lafiya. A 2000 Kevin Tracey a New York ya nuna cewa wata doguwar jijiyar saƙo da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa ciki tana iya kwantar da kumburi, daga baya aka gano ta hanyar saifa take yin haka.

Saifa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce babbar matatar bakteriya masu rigar sukari. A yawancin yara masu sikila tana lalacewa tun kafin su cika shekara biyar. Shi ya sa ake ba su fenisilin kullum da cikakken rigakafi, shi ya sa kuma zazzaɓin mai sikila ba a kwana da shi a gida.

## Idan garkuwa ta juya wa mai ita

A 2007 Josep Dalmau a Jami'ar Pennsylvania ya bayyana wata cuta da jiki ke ƙera makamai a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa. Ta fi kama 'yan mata da yara. Takan fara da sauyin hali cikin kwanaki, surutai, gane-gane, rashin barci, sannan farfaɗiya da suma. A garuruwanmu sunan da za a fara ba wannan sananne ne. Ba kowane taɓin hankali ne wannan ba, cutar ma ba ta da yawa, amma kusan takwas cikin goma suna samun sauƙi sosai idan an ba su magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Sauyin hali na farat ɗaya da ya zo da zazzaɓi ko jijjiga, likita ya gan shi a ranar.

## Rigakafi, daga 1996 zuwa yau

Allurar da aka yi a dantse ko a cinya tana bin magudanai zuwa kaluluwa mafi kusa. A can ake nuna wa garkuwa rigar maƙiyi, ta ƙera makamai ta zuba a jini, inda za a tare ƙwayar tun ba ta kai ganuwa ba. Ba a buƙatar yaƙi a cikin ƙoƙon kai ke nan.

Annobar 1996 ta kama sama da mutum 109,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,700. A cikinta ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Duk mai son fahimtar ɗari-ɗarin da mutanenmu ke yi da allura kada ya tsallake wannan tarihi. Amma kada ya tsallake na bayansa ma. A ƙarshen 2011 aka fara allurar MenAfriVac a Najeriya, Katsina na cikin jihohin farko. Allurar tana korar ƙwayar har daga maƙogwaro, don haka wanda ba a yi wa ba ma yana samun kariya. Nau'in A, wanda ya yi ɓarnar 1996, kusan ya ɓace daga yankin baki ɗaya.

Sai C ya maye gurbinsa. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kama sama da mutum 14,000, ya kashe fiye da 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 an sami mutum 559 da mutuwar 18 a jihar Damagaram ta Nijar, a yankunan da suka haɗa da Dungas da Magarya da Matamaye, sannan Jigawa ta fi kowace jiha a Najeriya shan wahala a wannan rani. Mutumin Daura ya san nisan wuraren nan: ta Kongolam ake shiga, kasuwar Mai'adua ake ci tare, ana aure ana suna tare.

A Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga A da C da W da X da Y a tsira ɗaya, aka fara da Jigawa da Bauchi da Yobe, ga masu shekara 1 zuwa 29. Ba ta rufe nau'in B ba, ba ta kuma rufe wasu bakteriya biyu daban da ke kawo wa jarirai sanƙarau a kowane lokaci na shekara ba. Kariya daga waɗannan biyun tana cikin alluran da ake yi wa jariri kyauta a asibitin sha-ka-tafi, a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa.